Takalmin Sammani

Ni ne mai ɗinkin takalma a bakin filin Sinja,
gindin dalbejiya, daura da Batulu mai shayi.
Ban taɓa buga ƙwallo ba.
Amma ƙafar da ta buga, na san ta
tun kafin ta san kanta.

Ranar da ya fara zuwa takalmin aro ne,
na dama ya wage baki kamar tarwaɗa a kan yashi.
Ya ce, Baba Ɗantani, ko sisi ba ni da shi.
Na ce zauna.
Bashin nan ban taɓa bin sa ba,
shi kuwa duk sallah sai ya sake biya.

Sammani ɗan masunta, lamba huɗu a gadon baya,
shekara goma sha tara cikin riga ɗaya,
shuɗiya, irin ta kogin nan idan laka ta kwanta.
Kulob ɗin Mirsa bai taɓa ɗaga kofi ba.
Sau ɗaya muka leƙa kusa,
muka tafi Madani a bayan motar auduga,
muka dawo cikin dare babu mai ko tari,
shi kaɗai ke ɓare gyaɗa yana miƙa wa yara.

Sun zo daga Hartum da mota mai baƙin gilashi.
Sun zo daga hayin teku da takarda da alƙalami,
kuɗin da suka ambata, Batulu ta zubar da butar shayi.
Ni da kaina na ce masa, tafi, yaro,
gwiwa ba gona ba ce, ba a bar wa ɗa gadonta.
Ya juya takalmin a hannu, ya duba ɗinkina,
ya ce, to can wa zai san inda yake matse ni?
Na ɗauka wasa yake.
Matarsa Rumana ta yi kwana tara ba ta ce masa sannu ba,
kuma har yau ban ga laifinta ba.

Shekarar da muka faɗa rukunin ƙasa
albashi ya yi wata bakwai yana hanya.
Da asuba yana cikin kwalekwalen kawunsa,
da la'asar yana tare 'yan gaba,
ƙarnin kifi a hannunsa, 'yan kallon baƙi na toshe hanci.
Bai tanka ba. Ƙwallo dai ba ta wuce.

Sau uku ya ci a duk rayuwarsa,
ɗaya ma a ragarmu.
Wannan ɗin ita aka fi tuna masa a kasuwa,
shi ke fara dariya.

Wasan ƙarshe, lasifikar fili ta mutu.
Ba wanda ya faɗi sunansa.
Saura minti goma aka ɗaga allo,
ya fito yana jan ƙafar hagu,
sai mutane suka miƙe, layi bayan layi,
kamar dawa in iska ta bi ta kanta.
Ni ban miƙe ba. Zare ya sarƙe min, na ce,
ina ta neman bakinsa.

Da magariba ya aje su a kan bencina.
Fatar asali ta ƙare tuntuni,
abin da ya rage ɗinkina ne bisa ɗinkina.
Na ce, me zan gyara, ba ka gama ba?
Ya ce, ƙusar baya ta yi laushi.
Ya sha shayinsa tsaye, ya gangara bakin kogi.

Na gyara.
Suna nan rataye a reshe, shekara ta uku ke nan.
Kullum zai wuce ya daga min hannu,
bai tambaya ba, ban tuna masa ba.