Matakala Biyu

Ranar Talata ɗan aike ya hau tudunmu yana haki,
kwali a hammata, kusurwa ɗaya ta sha ruwan sama.
Ignacia ce ta aiko daga Santiyago:
"Kaka, ga abin da zai ɗebe miki kewa."

A bayan kwalin, hoton gida fari tas kamar haƙorin jariri.
A ciki, falankai sirara kamar farce, ɗari da tara,
kowanne da lambarsa, ga 'yar kwalbar gam,
ga takarda mai cewa: manna bakwai a jikin takwas.

Kwana biyu na yi mata biyayya.
A na uku na ɗauko reza.

Ni ban taɓa kwana a gida mai miƙaƙƙen bango ba.
Namu na can saman Valparaíso,
tun girgizar ƙasar da ta riga ni zuwa duniya
ya jingina da kafaɗar hagu kamar mai jiran mota.
Ka ajiye lemo a bakin ƙofa, ka tsince shi a kicin.
Sai na rage wa ginshiƙi biyu faɗin ƙwayar shinkafa,
na ɗora masoro guda a daɓe.
Ya gangara. Na ce yawwa.

Kwanon rufi daga gwangwanin kifi na yanko,
na danna shi a haƙoran mataji ya yi layi-layi,
ya kwana uku a ruwan gishiri har tsatsa ta kama.
Tabon yoyo a sili, ganyen shayi ya zana min.
Fiyanon da suka sako na mayar cikin kwali,
mu keken ɗinki muka sani.
Na haɗa shi da murfin biro da kan allura,
hantsaki na rawa a yatsuna,
gam ya bushe a gira ta ban sani ba.

Lahadi sai ga Baldomero da burodi a takarda.
Ya sa tabarau, ya sunkuya,
numfashinsa na kaɗa labulen da na yanko daga tsohon hankici.
Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan:
"Clorinda, matakalar ai a dama take."
"A hagu."
"Ni na faɗo daga kanta, ga tabon a haɓata."
"Ni na ɗauke ka, jininka a rigata."
Mai saba'in da huɗu da mai saba'in da ɗaya,
muna ɗaga murya a kan itacen da bai kai ɗan yatsa ba.
Wa za a tambaya?
Wuta ta cinye gidan da hotunansa a yini guda,
waɗanda suka sani kuma suna maƙabartar da ke kallon teku.

Ya tafi, shayinsa ya huce a kofi.

Daren nan jiragen ruwa suka yi ta kuka a tasha.
Na rufe ido na hau da ƙafar yarinta,
hannuna na laluben ƙarfen riƙo,
sai ya ƙi faɗa min ko wane hannu ne.
Na kunna fitila, na zazzage kwalin ashana,
na yi ta datse kawunansu har asuba.

Yanzu gidan matakala biyu gare shi,
ɗaya hagu, ɗaya dama,
duka suna ƙarewa a ƙofar ɗakin Mama.
Babu wannan a takarda.

Da ya dawo bai yi maganar rigima ba.
Ya ƙirga tasa da bakin tsinke, leɓe na motsi.
"Goma sha uku ne, kin yi sha biyu."
Ya sa hannu a aljihun kwat
ya fito da tsinken ashana guda, datsattse, an goge shi sumul,
ya ce in miƙo masa gam.