Wa Zai Riƙe Littafin?

Daren Laraba, rumfar Sada tela, Ƙofar Marusa.
Mu goma sha ɗaya, fitila ɗaya.
Littafin ƙungiya na kan benci;
tun da Malam Dikko ya kwanta ciwo
ba wanda ya buɗe shi.

Aka ce a fid da shugaba.
Sai kowa ya shiga kallon takalminsa.
Mannir ya duba waya. Ni na yi tari.

To, 'yan'uwa, famfon bayan asibiti
bai san muna jin nauyin juna ba.
Wata uku ke nan bakinsa a bushe,
masu jinya na sayen ruwa jarka-jarka.

Mun ɗinka riguna masu tambari,
mun yi hoto, mun sha lemo.
Riga dai ba ta ɗebo ko moɗa guda.

Ladidi mai ƙosai ta kwance bakin zane,
ta aje ɗari biyar, takardar duk maiƙo,
ta ce, "Da ina da karatu, da na riƙe."

Kunya ta shaƙe ni.
Miƙo biron nan, Sada.
Gwangwanin kuma ya zaga,
ya fara ta kaina.