Hanyar Ɗakin Cima

Kowace safiya, in wuta ta yi mana adalci,
sai in kunna kwamfuta a shagona na Mokoyo,
in taɓa hoton 'yar jakar nan mai ruwan ɗorawa.
Ita kuwa ba tambaya, ba shawara,
kai tsaye sai ɗakin Cima.

Ita ta ɗora ta a wannan hanya
shekara huɗu da suka wuce,
sa'ad da matan Ɗan Gulbi suka ba ta riƙon lissafin man gyaɗa.
Jaki ya san gidan da ake ba shi dusa.
Na'ura ma haka,
ba wanda ya gaya mata an yi rasuwa.

Ga su nan a jere yadda ta bar su:
jarka goma sha biyu, Tibiri;
bashin Indo, jika bakwai, saura uku;
ƙuli-ƙulin Juma'a;
da wani dosiye da ta raɗa wa "kar in manta",
wanda har yau ban buɗe ba.

Mai takardar haya na tsaye a kaina,
ɗan kabu-kabu na jiran a buga masa rasit,
ni kuwa ido ya kafe kan sunanta
kamar wanda ya taka ƙaya a tsakar kasuwa,
ba damar zama, ba damar wucewa.

Tsahiru, yaron shago, ya gaji da gani.
Ya ce, Baba, abin ba wuya.
Shiga zaɓuɓɓuka, layin farko,
inda aka rubuta masaukinta,
ka goge, ka sa naka, ka danna amincewa.
Numfashi uku ne, in ji shi.

Na yi sati biyu ina jan numfashin.

Ran Laraba bayan la'asar,
hadari na haɗowa ta wajen Madarumfa,
na goge hanyar da hannuna.
Harafi bayan harafi ta yi ta ja da baya
kamar ana warware saƙa.
Na rubuta: Aikin Shago.
Ba a yi tsawa ba, ba abin da ya faɗi.
Fankar na'ura ta ci gaba da gurnaninta.

Yanzu in na buɗe, wasiƙun mutane ke mini maraba,
neman aiki, cinikin fili, katin suna.
Layi na raguwa da wuri.
Tsahiru ya ce hannuna ya dawo.

Abin da bai sani ba,
in ya ja ƙyaure ya tafi sallar magariba
nakan bi ta doguwar hanya,
danni ɗaya, danni biyu, na uku,
in tsaya bakin ɗakin in yi sallama.
Da can ita ke faɗo mini ba shiri.
Yanzu ni ke zuwa, da ƙafata,
a lokacin da zuciya ta yi alwala.

Jiya Indo ta kawo jika ukun,
ƙulle a bakin zane.
Na shiga na rubuta wa Cima: an biya.