Ɗan Amshi

Shekara goma sha bakwai ina bayanka, Ɗayyabu,
kai ka ɗaga, ni in amsa.
In ka yi tuntuɓen baiti in rufe da murya
kafin 'yan biki su farga.
Da wannan na yi aure,
da shi na kafa tubali a Sabuwar Unguwa.

Mun faro a bayan shagon caji a Ƙofar Marusa,
makirufo ɗaya, bargo a bango yana shanye amo,
janareta na tari, mu jira ya huce.
Ranar da muryarka ta fara fitowa daga cikin napep
ka bi shi a guje har Rafindaɗi,
silifas ɗaya ya tsinke, ba ka waiwaya ba.

Sai Allah ya buɗa.
Maraɗi ta kira, Kaduna ta kira,
kuɗin liƙi da tsintsiya muke tarawa.
Ka kai Inna Kulu Makka sau biyu,
ka gina bene, motoci uku a inuwa.
Ba wanda ka ci wa haƙƙi. Ni shaida ne.

To amma labulenka a sake har azahar.
Waya ta yi ta kuka har cajinta ya ƙare.
Tuwon Hindatu ya kwana a kwano, ya yi ɓawo.
Murmushinka ya zama hula:
ka kafa a ƙofar biki,
ka tuɓe da mun shiga mota.

Daren da muka taso daga Funtuwa,
tsakanin Kankiya da Caranci,
ka rage rediyo ka ce,
"Lawandi, na gaji.
Rijiya na zama. Kowa da gugansa,
ba mai leƙawa ya ga ko da sauran ruwa."
Na yi dariya.
Wallahi dariya na yi.
Na ce, "Mai bene ke gajiya? Bar mana ita, mu talakawa.
Yi istigfari, ka sha shayi, ka kwanta."
Ka ce to.
Ka mayar da rediyo yadda take.

Wani ya ce hassada, aka kawo rubutu.
Wani ya ce sammu, aka turara ɗaki.
Manaja ya ce akwai biki uku kafin azumi.
Ba wanda ya ce asibiti.
Sai daga baya likita ke faɗa mana
ciwon yana da suna, yana da magani,
kuma kamar hawan jini yake,
ba ya tambayar nawa ne a asusu.

Asubar Alhamis Hindatu ta kira.
Yadda aka same ka, ba zan faɗa ba,
ba a waƙa, ba a hira.

Wurin sallah an yi ƙus-ƙus,
mutum biyu suka zare jiki daga sahu.
Liman bai ɗaga murya ba, ya ce,
"Ku daidaita. Hukunci na Mai shi ne."
Muka kai ka Ɗanmarna.
A hanyar dawowa napep ya gifta mu,
kai kana ɗagawa,
ni ina amsawa, muryata tas, har da guɗa a baya.
Na tsuguna bakin kwalbati na toshe kunne.

Shekara goma sha bakwai ban taɓa sakin amshi ba
sai baiti ɗaya,
shi kuwa ba a kan kiɗa ka yi shi ba.

Jiya Mubashshir, yaron nan mai fiyano,
yana naɗe waya ya ce, ba da kowa ba,
"Kai, na gaji."
Dariyar nan ta taso mini har maƙoshi.
Na haɗiye ta.
Na jawo benci, na kife wayata,
na ce, "Zauna. Tun yaushe?"
Ya daɗe yana kallon ƙasa.
Ban ce komai ba. Na jira.