Daƙiƙa Bakwai

Shagona a Kusiri, gab da tashar 'yan babur,
taku huɗu ne: ni, kwamfuta, da fanka mai tari.
Sana'ata matse sauti.
In ɗauko karatun awa biyu in danne shi
har ya shige katin waya kamar bandar kifi a kwali.
Abin da kunne ba ya kamawa, na'ura ta zubar.
Haka aka ƙera ta, ba ta jin kunyar kowa.

Ran Talata Kande ta zo da muryar babanta,
Ilu mai saƙar taru, da aka binne kafin ruwan Logon ya janye.
Ta ce, "Wani yaro a Njamena ya gyara min,
ya yanke duk inda tsoho ya yi shiru, wai cin wuri ne.
Yanzu Baba zuba yake kamar mai tallan maganin basir.
Ba shi ba ne.
Mayar min da shirunsa."

Na ce ai wannan kamar shan ruwa ne.
Na buɗe sabon fayil na ɗura masa sifili,
sifili na bin sifili, dubu arba'in da huɗu a daƙiƙa,
layi miƙaƙƙe, ko gezau.
Na matse. Bai kai nauyin hoton ƙuda ba.
Na dasa shi tsakanin "ke Kande"
da "ki riƙe ƙannenki".

Ta sa a kunne. Ta cire.
"Wannan rami ne.
Shirun Baba akwai mutane a ciki."

Bayan la'asar na bi ta gida da makirfo.
Muka tura ƙyaure, muka zauna kan tarun da bai ƙarasa ba.
Ba wanda ya ce uffan,
amma layin allo ya soma rawa:
kwanon rufi na sakin zafin yini, ƙas, ƙas,
tsaka a bango,
injin kwalekwale can wajen gada,
da numfashin Kande, wanda take ta ɓoyo.

Daƙiƙa bakwai na ɗiba.
Na sassauta matsi, ko da katin zai cika,
don kada na'ura ta ce babu komai a nan.

Ta sake sawa a kunne. Wannan karon ta jima.

Da ta miƙo sefa ɗari biyar
na rasa sunan aikin da zan sa a rasit.
Na bar layin fayau.
Ta karɓa, ta ninke, ta ƙulle a bakin zane.