Laifin Direba

Sau uku Lantana na dawowa shagona a Kawo,
kwamfuta a hammata, rai a ɓace:
"Da na buɗe lissafin kantin magani
sai allo ya rine shuɗi kamar an tsoma a baba,
ta sume, ta farfaɗo, ta sake suma."

Na zargi zafi, na hure fanka.
Na zargi wutar Nepa, mai ɗaukar laifin kowa.
Na sa mata ƙwaƙwalwar aro,
ba ta sauya zani ba.

Da la'asar, ruwa na dukan kwano,
na tashe ta a hankali, ba kaya a ka,
na karanta wasiyyar da take bari kafin kowace mutuwa.
Suna ɗaya ke ta dawowa:
direban da ke kula da batir da fanka,
sabon hawa, makonsa biyu a kujera.

Na sauke shi, na maido da tsohon.
Muka zuba ido har shayina ya huce.
Ba ta faɗi ba.

Lantana ta leƙa tasha, ta yi dariya:
"Ashe a nan ma mota lafiya lau,
direba ne."