Mai Riƙon Waya

Shekara goma sha ɗaya ina bin Baba Cindo,
shi da murya, ni da jaka a kafaɗa,
batir biyu, filaya, da guntun tsumma.
Ba wanda ya san sunana a Kaduna,
sai dai a ce, "Kira yaron nan mai waya."

Tasharmu ɗaki biyu ce a saman shagon taya,
in janareta ya yi tari, labarai su yi tari.
Amma ka ratsa Kasuwar Barci da hantsi:
tela da ɗan gwanjo da mai shayi
sun kasa kunne ga akwatinmu,
ko da cigiya ce ta ɓatan akuya.

Mun ɗauko dambe a Kawo, kalangu na tsaga dare,
mun ɗauko zumuntar mata a Sabon Tasha
ran Kirsimeti, tulu na amsa kacau-kacau.
A Dandalin Murtala masu rawar Bajju
sun taka mini igiya sau uku,
ina ɗaurawa, suna dariya.

Kogi ya raba garin, kowa ya san gefensa,
in magariba ta yi, kowa ya nufi nasa.
Murya kuwa ba ta san gada ba,
ba a tsayar da ita a shinge a ce, "Daga ina?"
Ta kwana Rigasa, ta karya a Kakuri,
ba ta biyan kuɗin mota, ba ta ɓatan hanya.

Sai ranar ƙarshen kofin unguwanni,
Kakuri da Tudun Wada, cikin Agusta.
Hadari ya haɗo daga gabas, ba wanda ya tashi.
Minti saba'in, ruwa ya sami mahaɗa,
koriyar fitila ta lumshe, ta mutu.
Na hura, na goge, na cije da haƙori.
Shiru. Mun yanke da duniya.

Na ɗaga kai in gaya masa,
na tarar ya miƙe, hula ta karkace:
"Ishaya ya kwashe ta! Ya yanke Mudi!
Mudi ya zauna, jama'a, ba a ba shi kujera ba!
Ga Jatau ta hagu, Jatau, Jatau!"
Jijiyar wuyansa kamar igiyar guga.
Na haɗiye maganar, ta tsaya mini a wuya.

Minti ashirin yana zuba wa mataccen ƙarfe
sharhin da bai taɓa yin irinsa ba.
Masu sauraro: ni, da wani mai gyaɗa,
da ruwan sama.
Can tasha, na sani, sun sa tsohon faifai
suna ba jama'a haƙuri da garaya.

Washegari muka bi ta kasuwa.
Tela Nomau ya taso da awo a wuyansa:
"Baba, yadda ka faɗi ƙwallon Jatau jiya,
sai da na soke yatsa da allura!"
Mai shayi ya ce ya ji, ɗan gwanjo ya rantse.
Na dube su ɗaya bayan ɗaya,
ba fuskar da ta yi kama da mai ƙarya.

Har yau ban gane ba. Ko sun saba da shi ne
har kunnensu na ƙarasa abin da waya ta yar?
Baba ya sayi shayi ya ce in sha,
na sha, ban ce uffan ba.

Bara muka kai shi makwanci a Tudun Wada,
har Ishaya ya ƙetaro, ya tsaya daga baya.
Yanzu makirufo na hannuna,
wani yaro, Dogara, ke ɗaukar jaka.
In wasa ya yi zafi ba na duban fitila,
ba na duban fuskarsa kuma,
kada in ga yana haɗiye gaskiya.